Usta Badaru, Mai Jin Giyar Mota Da Tafin Hannu

Shekara talatin da huɗu Usta Badaru yana fita daga ɗakinsa a unguwar Madain Fahd ta Jidda bayan sallar asuba, ya bi lungu da ƙafa zuwa garejin Abdulghani. Ba ya bin babban titi. Yana isa sai ya ɗaga ƙofar ƙarfe, ya sha shayi a tsaye, sannan ya zagaya motocin da suka kwana yana duba ƙasa, ya ga wacce ta ɗigar da mai. Man giya ja ne. Yakan dangwala da yatsa ya shinshina. In ya ji ƙauri, ya san wani abu ya ƙone a ciki, ya kuma san mai motar ba zai faɗi gaskiyar yadda aka yi ba.

Usta ake ce wa gwanin sana'a a nan. Aikinsa giya mai canza kanta ce, ta tsofaffin motocin Amurka masu silinda takwas, irin waɗanda samarin Jidda suka yi yayi lokacin da arzikin man fetur ya buɗe. Daga Funtuwa ya zo aikin hajji a 1977, bai koma ba. Ba shi da iƙama, wato takardar zama, ba shi da kafili da zai tsaya masa, saboda haka ba shi da lasin tuƙi. Duk wanda ya tambaye shi takarda a hanya yana iya raba shi da ƙasar a ranar.

Ciwon giya kuwa ba ya bayyana a tsaye. Sai mota ta hau titi, ta yi zafi, ta ɗauki nauyi. Shi kuma yana da doka ɗaya: ba ya kwance giyar da bai ji a kan hanya ba. Sai ya sa mai motar ya tuƙa, shi ya zauna a gefe, ya sunkuya, ya ɗora tafin hannunsa a kan tudun nan da ke tsakanin kujeru, inda giyar take a ƙarƙashi. Ya rufe ido. "Taka. Saki. Taka a hankali, ba jaki kake kora ba." Daga nan yake gane ko mai ne ya yi ƙasa, ko matatar man ce ta toshe, ko wani abu ya cinye a ciki.

Abdulghani, mai garejin, haifaffen Jidda ne, kuma ba ya yabon mutum. Shi ya ba ni labarin wani attajiri da aka jawo masa mota bayan an sauke giyarta sau biyu a wasu wurare. Usta ya zagaya unguwa da shi sau ɗaya, ya buɗe bonet, ya maida wani siririn ƙarfe da ya zame daga jikin totur, ya rufe. Attajirin ya yi fushi, wai aikin ya yi sauƙi da yawa. Usta ya ce, "In kana so in sauke ta ne don ranka ya yi sanyi, zo gobe." Abdulghani ya ce sai da ya shiga bayan gida ya yi dariyarsa.

Usta, kai ne wanda ya gyara ɗaruruwan motoci a garin nan ba ka taɓa riƙe sitiyarin ko ɗaya a kan titi ba. Sunanka ba ya kan allon garejin, ba ya cikin kowace takarda. Masu motoci dai sun san lungun.

Na dawo daga karatu a Turkiyya a 2011, bayan shekara tara. Na tarar mahaifina, Alhaji Abdulghaffar, ya rasu, motarsa baƙa ƙirar 1971 tana ƙarƙashin tamfol. Tana tashi lafiya, tana tafiya lafiya. Sai an yi kamar minti arba'in ana gudu take maƙalewa a giya ta biyu, inji ya yi ta ihu, sannan ta faɗa ta uku da ƙarfi kamar an doke ta daga baya. Gareji biyu suka ce giyar ta mutu, a sauke.

Na kai masa. Na tambaye shi ko yana da na'urar da ake jonawa a karanta ciwon mota.

"Ɗan boko," ya ce, "motar nan ta girme ka. Ina za ka jona mata?"

Muka zagaya lungunan unguwa, inda ya saba gwaji. Ba ta yi komai ba. Ya ce sai an hau babban titi.

Abdulghani ya ajiye kofin shayinsa. "Ya Usta, satin nan ana bincike ko'ina. Jiya an kwashe marasa takarda a unguwar Bab Makka. Halas, shi ke nan, sauke ta kawai, ka duba a nan."

"In sauke lafiyayyar giya don ina jin tsoro?"

"Ka san lafiyayya ce?"

"Ban sani ba. Shi ya sa zan je."

Ni ma na ce, "Ya ammi, baffa, a bari sai an lafa."

"Shekara talatin ake cewa za a lafa. Ubanka ya tuƙa ni a motar nan kafin a haife ka. Yalla, tada ta."

Da hantsi muka ɗauki hanyar kudu. Rana tana dukan gilashi, shi yana sunkuye, hannunsa a ƙasa. Da ta fara ihu sai ya ce, "Kada ka saki." Ta buga ta uku. Ya ce in tsaya. Ya buɗe bonet, ya bi wani ɗan tiyon roba da ke kai iska daga inji zuwa giya, ya lanƙwasa shi a gabana. Ga tsaga nan, siririya kamar gashi. Da sanyi a rufe take. In robar ta yi zafi sai ta buɗe, iska ta shiga, giyar ta ɗauka an take totur har ƙasa, ta ƙi canzawa. Ya ciro guntun sabon tiyo daga aljihu ya sa. Bai kai tsawon yatsa ba.

Na ce mu juya ta ƙananan hanyoyi mu koma.

"Ban ji ta shiga ta uku da zafinta ba tukuna," in ji shi. "Ci gaba kaɗan."

Ta shiga, shiru, ban ma ji ba sai da ya ɗago kai ya ce, "To." Sai ga shingen binciken takardu a gabanmu, babu wurin juyawa. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ajiye tsumman a kan kujera, ya ce, "Ka canza mata mai kafin azumi. Ka gaya wa mai ɗakina Zaituna kada ta jira ni da abinci."

Ni an riƙe ni zuwa la'asar, na sa hannu a takarda, aka sake ni. Shi ya yi wata biyu a tsare, sannan aka sa shi a jirgin Kano. Yanzu yana Funtuwa, a ɗakin wani ɗan ƙanensa, yana da shekara sittin da ɗaya. Babu irin motocinsa a can. Na kira shi in ba shi haƙuri, ya katse ni. "Ma'alesh, ba komai. Kai ka ce kada a je, ni na ce a je."

Usta Badaru, na gode. Ba zan ce abin da ka yi dabara ba ne. Tiyo ne aka yi musayarsa da rayuwar mutum guda, kuma ni nake tuƙin. Amma ban taɓa ganin wanda ya riƙe aikinsa da gaskiya kamarka ba, a nan ko a inda na yi karatu. Allah Ya saka maka da alheri.

Ku masu gareji, ku ji mota kafin ku kwance ta. Ku da ya gyara wa motoci, kun san ƙofar gidansa. Ku je, tun akwai wanda za ku tarar.

Matarsa Zaituna a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, aka haife ta, ba ta taɓa fita daga Hijaz ba. Ita ma ba ta da takarda. Ta rabar da tukwanenta, ta ce bayan salla za ta miƙa kanta ga hukuma a kai ta inda yake. Ranar Juma'a na je gaishe ta. Ta ce tunda na yi yawon duniya, in gaya mata yadda Funtuwa take, ko akwai teku. Na ce mata ban taɓa zuwa ba.