Ranar da Zinariya Ta Taɓa Kare

Duk unguwar Yalwawa babu wanda bai san ƙosan Zinariya ba, kuma ba daɗinsa kaɗai ake bi ba, har da tsabtarta. Shekara ashirin da uku ke nan tana suya a ƙofar gida, tun da aka kawo ta Dutse daga Miga. Mace ce da za ta wanke wake sau huɗu, ta wanke kwanon, sannan ta harari ruwan. Ƙuda ma ya san iyakarsa a gaban kaskonta.

Mijinta, Malam Sadisu, shi ya jawo mata. Da aka sace masa tumaki biyu, sai ya kawo ɗan kwikwiyo ya ajiye a garke bayan gida, wai in ya girma zai yi gadi. Har da sa masa suna Soja. Zinariya ta ce ita ba ta san shi ba, “wancan abin” take ce masa. Ta san halin unguwa: ranar da aka ji mai ƙosai ta taɓa kare, ranar za ta kife kasko.

Da damina ta sauka, Soja ya lalace. Ciki ya yi tulu, haƙarƙari a waje, ga shi yana jan gindi a ƙasa kamar yaro a kan kwali. Likitan dabbobi ya ce tsutsar ciki ce, ya ba da ƙwaya ɗaya. Malam Sadisu kuwa shuka na jiransa a Miga.

“Ki sa masa a abinci kawai,” in ji shi, yana hawa babur.

“Malam, ni?”

Ya riga ya sha kwana.

Ta cusa ƙwayar a lomar tuwo, ta tura da dogon kara daga nesa. Soja ya cinye tuwon, ya ajiye mata ƙwayarta fes a ƙasa. Ta gwada da ƙuli-ƙuli, haka. Ta duba hagu ta duba dama, ta ba shi a cikin ƙosanta na sayarwa, abin da ko a mafarki ba ta zata ba. Ya lanƙwame, ya lashe baki, ya tofar da ƙwaya, ya zuba mata ido yana jiran ƙari.

“Kai, ba ka da kunya!” ta ce. Karo na farko ke nan da ta yi masa magana.

Kwana na uku ko ƙosan bai kalla ba. Yana kwance gefen turke, jelar ma da ƙyar take motsi. Tausayi ya kama Zinariya, ta ji haushin kanta da ta ji tausayin. Ta ɗaura leda a hannu, ledar ta zame. Ta ƙara wata, Soja ya tsorata da ƙararta ya shige ƙarƙashin tunkiya. Sai ta yar da ledojin, ta yi bisimilla, ta jawo shi da hannunta. Ta buɗe bakin, ta tura ƙwayar can ciki, ta rufe tana shafa maƙogwaron har ya haɗiye. Ɗan banzan ya saka mata da lasar yatsu.

Tana ɗaga kai ta ga ɗankwali a saman katanga. Gaji ce, maƙwabciyarta, wadda labari ba ya kwana a bakinta.

Zinariya ta tsuguna ta wanke hannu, da ƙasa, da sabulu, har fata ta yi ja. Zuciyarta ta gama ba ta cewa sana’ar shekara ashirin da uku ta tafi a kan wancan abin.

Da safe ta niƙa rabin waken da ta saba. Ta hura wuta, ba ta son kallon hanya. Kwanon farko da aka miƙo mata, na Gaji ne. Bayanta ga layi kamar kullum.

Gaji ta sunkuyo, ta rage murya. “Zinariya, ya mai jikin?”

“Ya tashi. Cikin ya saki, abin ba kyan gani.”

“Sau nawa kika wanke hannun?”

“Bakwai. Ɗaya da ƙasa.”

“Goma sha ɗaya ne, ina tsaye na ƙirga. Zuba min masu zafi.”

Kafin hantsi ƙullu ya ƙare, rabin layi ya koma da kwano wayam ana mita. Ƙosai biyu suka rage a gefe, ta rufe su da faranti. Wani ya ce a sayar masa.

“Na Soja ne,” in ji Zinariya.