Ɗan Sarkin da Ya Zo a Ƙarshe

Shekarar da na fara koyarwa a firamare a Kafanchan, wata nas 'yar cocinmu ta ara mini littattafai huɗu na Turanci, labari ɗaya ne a jere. Labarin 'yar wani maƙeri ne, dodo ya shanye ruwan ƙasarsu kaf, ta saɓi gudumar ubanta ta tafi nemansa.

Duk Asabar nakan shiga mota zuwa Kagoro wurin uwar mijina. Mu zauna a gindin mangwaro muna ɓare gyaɗa, ina ba ta labarin da Hausa. Mama ba ta yi boko ba, Hausar ma ba ta gama zama a bakinta ba, amma ba abin da ke kuɓuce mata. Ranar da yarinyar ta rasa yatsu biyu a kogon dutse, tuwo kaɗan Mama ta ci.

Littafi na biyar, na ƙarshe, wata bakwai muka yi muna jiransa, sai ƙanen mijina mai aikin jirgin ƙasa ya samo mana a Ikko. Yini ɗaya na cinye shi. Saura shafi ashirin a gama, yarinya ta iso ƙofar dodo, sai ga wani ɗan sarki, wanda ko tarinsa ba mu taɓa ji ba, da takobin da ya gada. Cikin shafi biyu ya sare dodon. Ita kuwa tana baya, riƙe da linzamin dokinsa. Har godiya aka sa ta yi masa! Marubucin da ya ɓata shafi goma yana kwatanta gemun wani boka, nan ya ga tsawon labari.

A mota na yi tunanin in sauya wa Mama ƙarshen, amma na faɗa mata yadda yake. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

"Wannan yaro, ina yake lokacin da yarinyan ya rasa yatsa?"

Na ce ba a faɗa ba.

Ta yi tsaki. "Mai rubutun ya gaji ne. In mutum ya gaji, sai ya ce ya gaji, ya ba wani fartanya."

Ranar Lahadi bayan sujada na kai wa nas ɗin littattafan, har da na biyar kyauta. Da ta karanta, ta ce ɗan sarkin ya burge ta ƙwarai, ashe ma dogo ne. Ban ƙara aron littafi a wurinta ba.