Shirun da Aka Yi wa Baidu

Abubuwa da yawa sun shige mini a aikin nan, amma ban taɓa mantawa da ranar kasuwar Tamaske da Baidu ya naɗe tabarmarsa ya ce ya bar wasa ba. Ku da kuka shigo ƙungiya daga baya kun tarar da shi yana yi muku tsawa yana cinye muku goro, kuna tsammanin babu abin da ya taɓa karya masa zuciya. To ku gyara zama ku ji.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rabi, 'yar wasa ce ni a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a Madawa, kuma tun ina da ƙuruciyata nake fitowa a matsayin matar Baidu. Mijina na gaskiya Malam Idi ne, tela a bakin kasuwa, mutum mai haƙuri, don ya sha jin ana kiran matarsa matar wani a gabansa. Mutanen ƙauye kuwa ko rantsuwa na yi musu ba sa yarda cewa ba igiyar aure tsakanina da Baidu. Suna cewa irin faɗan da muke yi, sai ma'aurata.

Tsarin aikinmu ba shi da wuya. Direkta shi ne mai riƙe takardu, mai shiga ofis, mai zaɓen wasan da za a yi. Ƙarƙashinsa akwai mai kula da kaya da mota da masauki, sannan mu 'yan wasa da makaɗi. Bayan girbi ake fita rangadi. A karɓi takardar izini, a isa gari, a gaida maigari, a sa mai shela ya zaga kasuwa, sai bayan la'asar a buɗe fili, a tashi kafin magariba. Ƙungiya tana da suna a takarda tun kafuwarta, amma daga Madawa har Keita babu mai kiranta da shi. Abin da ake cewa shi ne, "Gidan Baidu sun zo."

Baidun da suka sani kuwa, mutum ne mai gemu buzu-buzu, da malfa mai huda a tsakiya, da riga wadda facinta ya fi asalinta yawa, da wata siririyar murya da yake matsowa daga hanci. Idan ya tuɓe waɗannan, dogon mutum ne shiru-shiru mai noman albasa a fadama, wanda za ka wuce shi a tasha ba ka waiwaya ba.

A shekarar da nake ba ku labari aka naɗa mana sabon direkta, Mushe Laminu, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya dawo daga horo a Yamai. Ya tara mu ya yi magana, kuma maganarsa tana kan hanya. Ya ce matasa sun fi kallon waya da kallonmu, ya ce ya kai sunanmu wani taron ƙungiyoyi an tambaye shi ko Gidan Baidu wurin sayar da tuwo ne. Saboda haka za a sake komai. Sabon suna Madubin Gobe, an rubuta shi a dogon kyalle. Kowa zai sa jile shuɗiya, wato 'yar shara irin ta ma'aikata. Za a yi magana da mikiro, na'urar ƙara murya. Baidu zai aje malfa da tsumma, ya aske gemu, ya yi magana da muryarsa ta Allah, kuma a cikin wasa za a riƙa kiransa Maigida kawai. Ni ce na fara ɗaga hannu, don jilen ta yi mini kyau, ba zan ɓoye muku ba. Baidu ya shafa gemunsa ya daɗe, sannan ya ce, "Gemu dai ciyawa na, shina tsirowa." Washegari ya zo da haɓa fes kamar ɗan makaranta.

Wasan farko a gidan matasa na Madawa muka yi shi, gaban manyan ma'aikata. An yi tafi, samari sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, Mushe Laminu har da rungumar makaɗi. Baidu kaɗai ne bai saki fuska ba. Ya ce mini, "Tafi ba dariya ba na, Rabi. Ko mai jawabin haraji ana yi mashi tafi."

Daga nan muka hau duwatsu. A wani ƙauye kusa da Buza mai shela ya zaga ya kira sabon suna, jama'a suka cika fili fiye da kullum. Na ce a raina, ka ga aikin ilimi. Muka fara. Na ɗaga muciya na bi Baidu, ya ruga ya faɗa bayan turmi yana roƙon gafara, wurin da a da sai an riƙe tsofaffi don kada su faɗi. Ranar nan ko tari babu. Mata suna kallona, idan muka haɗa ido sai su sunkuyar da kai. Da muna loda kaya wani dattijo ya matso ya ce mini, "Allah shi ba da hanƙuri." Na ce amin, ina tsammanin jajen wasan da ya lalace yake yi mini.

A ƙauye na gaba, kan hanyar Keita, abin ya fi muni. Baidu ya zage ya fito da duk abin da ya iya, har da tafiyar agwagwa da bai yi ba tun yana da ƙarfin gwiwa. Wani tsoho ya miƙe a sahun gaba, ya kaɗe rigarsa, ya yi tsaki ya fita, rabin maza suka bi shi. Baidu bai taɓa tuwon da aka kawo mana ba.

Mun isa Tamaske da hantsi ranar kasuwa, aka sauke mu a gidan da muka saba sauka. Ina shimfiɗa kayana na ga Baidu ya ɗaure ƙunshinsa ya je ya tsaya gaban direkta.

"Mushe, in an yi azahar ni bi motar kasuwa in koma gida," ya ce. "Ɗan wasan da fili yaƙ ƙi ma dariya, gona ta ka kiranai. Gara in tahi da sauran mutuncina."

"Baba Baidu, ka yi mani wasan yau kaɗai. In mikiro na, sai a kashe shi."

"Ba mikiro ba na, ɗana. Ni na. Ashe malfa da gemu mutane ka ma dariya, ba ni ba."

Na yi masa faɗa, faɗan gaske ba na fili ba. Na ce masa ragon namiji, na ce albasa ma ba ta son mai guntun haƙuri. Na san idan ya hau motar nan ba zai dawo ba, ni kuma ban iya zama matar kowa a fili ba sai tasa. Ya ɗauki ƙunshinsa ya zauna a kansa a bakin zaure yana jiran lokaci, ni na koma ƙarƙashin rumfa hawaye suna neman kunyata ni.

Ina nan zaune sai ga sallama. Mata ne har sun cika rumfa, a gabansu Inna Dije, tsohuwar da duk zuwanmu Tamaske take dama mini fura da hannunta. Wata ta aje ƙwaryar gero, wata ta aje goro a ganye. Suka zauna a ƙasa, ba mai murmushi.

"Ɗiyata, ina hanƙuri?" in ji Inna Dije. "Allah shi jiƙanai, shi sa ya huta."

"Inna, wa yam mutu?"

"Ke ko! Maigidanki mana."

Hankalina ya tafi wurin Malam Idi, don na bar shi da ɗan tari. Na dafe ƙirji na ce, "Innalillahi! Na bar shi lahiya lau shina ɗinki!"

Inna Dije ta dube ni sama da ƙasa. "Wane ɗinki? Da Baidu ya iya ɗinki, da rigatai ta kai haka?"

Sai da na sauke numfashi sannan na tambaye ta wa ya gaya musu Baidu ya rasu. Ta ce ai ba sai an gaya musu ba. "Munka ji mai shela ya kira wani suna. Ke kin taɓa ganin gida ya sake suna maigida na da rai? Ko rijiya, ko gona, sunan mai ita aka kira har shi kau. Tun daga Buza labari yaz zaka, an ce tun damina anka yi rashin, kin ma hita takaba. Amma ɗiyata, abin da mutanen ga sunka yi maki bai kyautu ba. A ɗauko wani mai askakken haɓa shina kwaikwayon mamaci, gaban matatai, kuma a ce mu yi dariya? Mu ba mu da kumya?"

Na waiwaya bakin zaure. Baidu ya riga ya taso daga kan ƙunshi, ya matso a hankali ya tsuguna gefen rumfa kamar baƙo mai ladabi.

"Inna," ya ce, "shi Baidun ga, wane irin mutum na?"

Tsohuwa ta gyara zama. Ta ce shekarar da ɗanta ya tafi ci-rani aka daina jin ɗuriyarsa, ta yi watanni abinci ba ya mata daɗi, maƙwabta suka ja ta fili da ƙarfi. "Da mutumin ga yaf faɗa bayan turmi, nay yi dariya har zanena yak kwance. Ran nan nic ci tuwo." Wata ta ce mijinta ya daina ɗaga mata murya tun da yara suka fara kiransa Baidu. Suna faɗi suna share ido, shi kuma yana gyaɗa kai yana cewa Allahu akbar, wallahi kamar ba shi ake wa ba. Can Inna Dije ta ƙura masa ido.

"Tsaya. Ba kai na mai kwaikwayonai ba? To ka ji da kyau, ko takalmanai ba ka kai ba."

"Inna, ni ab Baidu."

"Ahir ɗinka!"

Sai Baidu ya matse hanci, ya ɗaga hannu biyu ya kare kansa, ya saki siririyar muryar nan. "Wayyo Rabi, aje muciya, na tuba!"

Kafin ka ce kwabo rumfa ta watse. Wata ta yi salati ta tsallake turmi, wata ta bar takalminta, ƙwaryar gero ta kife kaji suka samu biki. Inna Dije kaɗai ta tsaya, don ƙafarta ba ta gudu. Ta matsa ta shafa haɓarsa, ta ja kunnensa ta tabbatar da nama ne, sannan ta cire takalminta ta fara zabga masa. "Ɗan banza! Kukan da munka yi, wa zai biya mu shi?" Tana duka tana dariya, hawaye yana zuba. Ita ce dariyar farko da muka ji tun da muka baro Madawa.

Mushe Laminu ya shigo da gudu yana tsammanin gobara ce. Da ya ji zancen ya yi dariya har ya zauna a ƙasa da jilensa, sannan ya tashi ya bi ƙa'ida. Ya koma wurin maigari ya yi bayani, aka sake tura mai shela kasuwa da sabon saƙo: Madubin Gobe su ne Gidan Baidu, Baidu yana nan da ransa, gemu kaɗai aka rasa. Bayan la'asar fili bai ɗauki mutane ba, har kan katanga. Wani mai sayar da malfuna ya jefo wa Baidu guda, shi kuma ya huda ta da kansa. Baidu bai ma buɗe baki ba, fitowa kawai ya yi ya tsaya yana shafa haɓa, fili ya kece da dariya. Motar azahar ta daɗe da tafiya babu shi.

Muna loda kaya ya ce mini a hankali, "Rabi, tun ina saurayi nike biɗar dariyar mutanen ga. Ashe akwai abin da yaf fi ta. Dariya ta ciyo su, sunka danne ta don ni."

Sabon suna yana nan a takarda da kan kyalle har yau, ya kuma buɗe mana ƙofofin da tsohon bai buɗe ba, amma mai shela yana haɗa su biyu. Abin da na ɗauka daga wannan rangadi shi nake gaya wa kowane sabon ɗan wasa. Sunan ƙungiya ba namu ba ne mu kaɗai, na masu kiransa ne, idan za a taɓa shi a je a gaya musu baki da baki. Kuma idan fili ya yi maka shiru, kada ka yanke wa kanka hukunci, ka sauka ka tambaya, don mutanenmu sukan ɓoye ƙauna a inda ba ka zata ba.

Da damina ta zagayo aka aiko mana Inna Dije ta rasu. Baidu ya bar shuka, ya hau mota shi kaɗai ya tafi Tamaske, gemu ya riga ya dawo. An ce ya zauna a ƙofar gidanta cikin masu karɓar gaisuwa, yara da manya suna ta leƙensa suna jiran ya ce wani abu. Bai ce komai ba har rana ta faɗi.