Malam Kunne da Keken Ɗinkin Maiɗakinsa

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe situdiyonmu na ɗaukar sauti, tun kafin mai shara ta iso. Yakan kashe fanka, ya ja ƙofa, ya kunna makirufo, sa'an nan ya zauna shiru na minti guda yana ɗaukar sautin ɗakin. Ya ce kowane ɗaki da numfashinsa, kuma na yau ba irin na jiya ba ne. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin kunnensa na hagu ya daina kama siraran sautuka.

Malam Kunne muke ce masa. Shi ne mai haɗa sauti a kamfanin da nake shugabanta, inda muke yin waƙoƙin rawa da kiɗan na'ura. Aikinsa shi ne ya karɓi muryar mawaƙi da kiɗan da aka buga a kwamfuta, ya daidaita su har su zauna lafiya da juna. Amma bai taɓa tsayawa nan ba. Kullum da 'yar rakoda a aljihunsa. Mai shara ta ce ya taɓa hana ta ɗiga wa ƙyauren banɗaki mai har mako guda, sai da ya gama ɗaukar kukansa. Ranar da ta ji kukan nan a rediyo, an ja shi ya yi tsawo kamar sarewa a ƙarƙashin wata waƙar soyayya, sai da ta ajiye tsintsiya ta zauna. Babbar mawaƙiyarmu kuwa ta ce shi ya koya mata cewa waƙar da daɗi kawai gare ta, mako guda kunne ke ƙoshi da ita. Dole a sa mata wani abu da kunne bai gane ba, don ya riƙa dawowa nema.

Shekara goma sha tara da suka wuce, a wata waƙar mawaƙiyar nan, ya cire gangar da aka buga, ya sa wani bugu mai ɗan ɗingishi, mai tsayawa ya huta sannan ya ci gaba. Na tambaye shi mene ne. Ya ce keken ɗinkin maiɗakinsa ne, ya ɗauka tana ɗinka wa 'yarsu rigar makaranta, ya rage masa gudu. Na ce ya cire, nan ba shagon tela ba ne. Ya ce to. Mawaƙiyar ce ta kafe, ta ce in an cire keken a cire muryarta. Waƙar ta fita, har yau ana rawa da ita, kuma ni aka kira aka ba lambar yabo ta sabon salo. Da 'yan jarida suka tambayi asalin bugun, na ce sirrin kamfani ne. Sunansa bai hau bangon faifan ba, kuma ni na sa hannu aka buga bangon. Washegari ƙarfe bakwai ya buɗe situdiyo, ya kashe fanka.

Malam, kai ne ka zauna a bayan gilashi kana gyara muryoyin da aka tafa wa, ba ka taɓa leƙowa ba. Kai ne ka ci gaba da gaishe ni kamar yadda ka saba, kuma wannan ya fi mini nauyi a kan zagi.

Makon jiya na same shi yana naɗe wayoyi, na tsaya gefensa na faɗi abin da na yi shekaru ina shiryawa, wato neman gafara a kan ɓoye sunansa da na yi. Ya bar ni har na kai aya, sannan ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, zagayo ta nan. Wancan kunnen ya riga ni ajiye aiki."

Na zagaya, na sake faɗa daga farko. Ya ce ai ya sani, yana wurin aka yi, kuma shi ba shi da wata magana.

"Uwar yara ce dai. Duk bikin da aka sa waƙar, sai ta ce wa mata kekenta ne, su kuwa su yi ta dariya. Har suna suka sa mata, wai Makaɗiya. Ka rubuta a inda za ta iya nunawa."

To, ga shi a rubuce, kuma ni da na ɓoye ni ne shaida. Bugun da ke cikin waƙar nan keken ɗinkin maiɗakin Malam Kunne ne. Ƙafarta ce ke taka shi, kunnen mijinta ne ya ji kiɗa a ciki, ni kuwa cewa na yi a cire.

Malam, mun gode, Allah ya saka da alheri, ya bar maka kunnen dama. Matasan da ke zaune gaban na'ura a yau, ku koyi minti gudan nan na shiru kafin ku taɓa komai. Masu sa hannu irina, ku duba sunan wa ya ɓace kafin a buga bango.

Hajiya, ki yanke shafin nan ki sa a jaka, ki tafi da shi biki na gaba.