Darasin da Babban Baƙo Ya Cinye

Shekaru sun shuɗe, amma wannan rana ta ƙi barin raina. Ina kasuwar Madarumfa ina sayar da ganyen salati, sai maƙwabcin lambunmu ya tsayar da moto, wato babur, a gabana, bai ko kashe ta ba. Ya ce, "Bar kayan nan ka hau. Yayanka ne." Na bar kayan na hau, don na ga ya kasa duban idona.

A farkon ranin shekarar ne wata ƙungiya ta kawo wa masu lambun bakin tafki famfo mai aiki da hasken rana. Aka ce ba za a damƙa mana ba sai mun yi karatu a kan abu uku: doka, tattali, da kiyaye rai. Ni da yayana muka je, shi a gaba, don ya gaji da sayo wa injin ban ruwa man fetur daga garin Ɗan Issa.

Malamin, wanda muke ce wa Mushe, wato malam da Faransanci, ya zo cikin kwat yana zufa. Ya karanta mana doka da Faransanci, muka gane cewa rana kyauta ce amma shan ta sai da izini. A darasin tattali ya nuna mana arzikin da za mu yi, har wasu suka fara zaɓen kujerar Makka. Nan yayana ya ɗaga hannu ya tambaya ko wannan wutar tana kama mutum.

Mushe ya yi murmushi ya ce, "Dattijo, kada ka riga malam masallaci. Wannan darasin gobe ne."

Gobe ta zo da babban baƙo daga Maradi. Aka kafa rumfa, aka sha jawabi, aka raba mana riguna masu hoton rana tana dariya. Baƙon ya dafa fano, wato farantin da ke shan hasken, ya tsaya haka har aka gama ɗaukar hoto. Yayana ya raɗa mini cewa ya samu amsarsa: da abin yana cizo, da ba a bar babban mutum ya taɓa ba. Haka kowa ya ɗauka. Muka ce wutar rana daga Allah take, ba irin ta birni ba ce. Aka damƙa mana famfon, darasin kuwa aka ce sai wani lokaci.

Yayana mutum ne mai tattalin kaya. Kullum sai ya goge fanonin da jiƙaƙƙen tsumma, ƙafarsa ba takalmi, yana tsaye a kan lemar ƙasa. Ashe ɓera ya ci wayar ta ƙasa, ran nan wutar ta kama shi. Da muka isa lambun ni da maƙwabcin, an riga an lulluɓe shi, famfon kuwa yana ta zuba ruwa cikin albasa.

Mushe ya zo gaisuwa. Bayan addu'a ya ce, da tausasa murya, marigayin bai bi ƙa'ida ba. Na tambaye shi wace ƙa'ida. Ya ce za a yi bayaninta a darasi na uku.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani. Amma na koyi cewa in za a koya maka abu uku, ka ce a fara da wanda zai bar ka da rai, sauran ka ji su daga baya. Yanzu ni ke ban ruwan lambun, ni ke riƙe da 'ya'yansa. Darasi na uku har yau ba a yi shi ba.