Jinin da Aka Zubar a Toka

Wata Laraba, lokacin cirar auduga, ina aji huɗu, aka kayar da ni a tsakar gidanmu a Tsiga. Baba ya danne kafaɗuna, Inna ta zauna a kan ƙafafuna, Tanko wanzami ya zaro aska. Sati uku kafin nan na yi ciwon maƙogwaro, aka ba ni ruwan kanwa ya lafa, sai gwiwoyina suka shiga kumburi, yau dama gobe hagu. Na sha tsumagiya a gona ba adadi, don sai in tsuguna tsakiyar kunya ina haki, Baba yana cewa tsabar lalaci ne.

Tanko ya tsattsaga gwiwar, ya kafa ƙaho ya zuƙa. Na yi ihu har muryata ta dushe, na gartsa wa Baba cizo a hannu, ya kwaɗa mini marin da sai da kunnena ya toshe. Da aka cire ƙahon, jini ya fito guda-guda, baƙi ƙirin, wanzami ya juye shi a kaskon toka yana cewa, "Mataccen jini ne, cuta ta fita." Ina fa ta fita! Duk shekara sai ta dawo, a sake kiransa. Wallahi har yau in na ji ana wasa aska, barin wurin nake yi.

Ina da shekara goma sha shida na faɗi da tulu a bakin rijiya, aka kwashe ni zuwa asibiti a Funtua. Jinin da suka ɗiba bai cika cokali ba. Likita ya ce gwajin ya nuna kumburi mai yawa a jikina, kuma in ya hau haka, sau da yawa ƙofofin cikin zuciya sun ji jiki. Hoton zuciya ya tabbatar: ɗaya ta tsuke. Ciwon maƙogwaron nan ne mafari, in ji shi, da an yi allura tun farko da ba a kai nan ba.

Inna ta ce, "Likita, da irin wanda muka zubar a toka muka kawo, da shi ma ya nuna?"

Ya ce da ya nuna. Ta ɗora hannu a kan tabon gwiwata.

Yanzu duk wata nake karɓar allura, kuma 'yata ko tari ta yi, mun kama hanyar asibiti. Ni na yafe wa Baba da Inna tuntuni, abin da suka sani suka yi. Inna ce ta rasu ba ta yafe wa kanta ba.