Ranar da Na Yi wa Cukun Surukata Aski

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da zuwa ƙasar Faransa ba, na yi wani karambani a kuzin, wato ɗakin girkin surukata, wanda har gobe in aka tuna shi a gidanmu sai an dara. Ni ban yi lekol ba, ban iya rubutu ba, jikata ce ke danna muku wannan a waya ina faɗa mata. Amma in maganar tukunya ce, ku je ku tambayi Damagaram. Ba a buki a unguwarmu ba a aiko an ɗauke ni na tsaya kan girki ba. Daga bakin ƙofa nake sanin ko miya ta ji gishiri. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kai ni ya baro.

A Paris nake zaune wajen ɗiyata, a unguwar Belleville. Ɗana na fari kuwa, wanda ba na faɗin sunansa, yana Lyon yana aiki a wata masana'anta ta Saint-Fons. Baturiya ya aura. Yarinya mai hankali, ta koyi Hausa tana ce mini Inna, in za ta miƙo mini ruwa sai ta rusuna. Ciwo ɗaya ne a ranta: tun da aka yi auren, uwarta ba ta taka gidansu ba. Har suka haifi ɗiya, ɗiyar ta yi shekara uku, kakarta ta wajen uwa ba ta taɓa ɗaukarta ba.

Ran nan ɗana ya kira ni. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Inna, ta yarda za ta zo ranar Lahadi, cin abincin rana. Muna so kina nan."

Na ce, "To, Allah ya sa a yi a sa'a."

Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana, don haka na shiga butikin wani Balarabe a Belleville na sayi dabino mai taushi, irin manyan nan, na haɗa da gwangwanin daddawata da kukata. Ɗiyata ta sa ni jirgin ƙasa, ɗana ya tarbe ni a gar, tashar jirgin.

Ranar Asabar da yamma na ga surukata tana ta kai da kawowa kamar kazar da za ta yi ƙwai. Ta goge tabur sau uku. Ta jera ɓaure a faranti, ta ajiye kwalbar zuma kusa da shi. Na ce ni zan yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ce, "To, Inna. Ni kuma zan yi ɗan abin da ake fara ci kafin abinci." Su haka suke, sai sun taɓa wani ɗan abu ya buɗe musu baki. Ban tambaye ta ko mene ne ba. Wadda ta ciyar da buki ta tambayi yarinya?

Da safe suka fita sayen burodi, su biyu da 'yar, suka bar ni ni kaɗai. Ina shiga kuzin wani wari ya doke ni. Na duba kwandon shara, ba shi ba ne. Na buɗe firigo, ba shi ba ne. Na bi hancina har kan tabur, na ɗaga wani ƙyalle, sai ga wani abu zagayayye kamar ƙaramin faifai, ya yi fari fat da hunhuna, sama da ƙasa, irin gashin nan da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana uku.

Na ce, "Innalillahi! An cuci yarinyar nan."

Ni fa na san cuku. Namu na Buzaye busasshe ne, ƙamas, a gasa shi a kan garwashi a sha shayi da shi. Wannan kuwa ya ruɓe har ya yi furfura. Na ce a raina: uwar da aka yi shekaru ana lallashi, ita za a ajiye wa ruɓaɓɓen abu a gabanta? Ina raye? Na ɗauko wuƙa, na zauna, na kankare shi tas. Da na ga cikinsa na manne wa wuƙar, sai na ɗauraye shi da ruwan ɗumi. Ya zube ya zama kamar kindirmo mai kauri. Na kwashe a kwano, na tara hunhunar a wani ɗan kwano dabam don ta gani da idonta, na wanke hannu na zauna ina jiran godiya.

Suna shigowa na ce, "Ɗiyata, zo ki ga abin da aka sayar miki. Amma kar ki damu, na gyara."

Ta dubi kwanon nan, ta dubi ɗaya kwanon. Burodin da ke hannunta ta ajiye a hankali, ta ja kujera ta zauna, sai hawaye. Da ta yi mini tsawa, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Ɗana ya dafe kai. "Inna, me kika yi?"

"Me na yi? Ruɓa na cire!"

"Inna, ba ruɓa ba ce. Haka ake yin shi. Farin nan fatarsa ce."

Ya bayyana mini. Ashe a cikin fur ake sa shi, tanderun nan nasu na lantarki, a jera masa ɓaure a zuba zuma. Fatar ita ce tukunyarsa, ita ke riƙe shi ya narke daga ciki, sai an kawo tabur a tsaga shi ya malalo. Kuma ba kowane ba ne. Daga yankin su uwar aka kawo wannan, surukata ta yi sammako ranar Asabar ta samo shi a kasuwa wajen mutum ɗaya da ke kawowa. Shi marigayi babanta ke gasawa duk Lahadi, uwar ce ke tsagawa. Yarinyar ba ta da bakin da za ta ce wa uwarta "ban manta da gida ba", shi ne ta so cukun ya faɗa mata.

Shi na yi wa aski.

Jama'a, baƙo makaho ne ko da idonsa. Na tsaya a kuzin ɗin nan, ni da ake aikowa a ɗauka, na ji na koma ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Ɗana ya ce bari ya ruga ya nemo wani. Surukata ta girgiza kai: ba irinsa ba ne, kuma uwar na kan hanya, ko awa ɗaya ba ta rage ba.

Na sake duban kwanon. Na ce, "Kun ce abin da ya rasa tukunya ce?"

Ɗana ya ce, "I."

"To miƙo mini jakata."

Na zazzage dabinon Belleville a tire. Na tsaga ɗaya, na cire ƙwallon, na ɗebo cukun da ɗan cokali na ɗura a ciki. Ya zauna daram. Na ce, "Ɗiyata, tashi. Kuka ba ya gasa komai. Ni ce na fasa miki tukunya ɗaya, ga ƙanana talatin na kawo." Ta share ido, ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da majina, ta matso. Ina tsagawa tana ɗurawa. Ita ta ce mu raba ɓauren biyu mu ɗan rarake shi, shi ma mu cika. Ta ɗiga zuma a kai. Fur kam ban taɓa shi ba, wutar da ba na ganin harshenta ba na yarda da ita, ita ta sa, ni na tsuguna ina leƙe ta gilashi ina salati.

Madam, uwar surukata, ta iso daidai lokacin da ta ce. Doguwa, siririya, gashinta fari kamar auduga. Ta sumbaci ɗiyarta a kumatu kamar mai taɓa tukunya mai zafi, ta ba ɗana hannu, ta ce mini bonjur. Ta zauna a bakin kujera, ba ta cire rigar sanyinta ba, jakarta na kan cinya. Jikata kuwa ta ɓoye a bayan zanena tana leƙen baƙuwa. Na ga Madam ta ga haka, na ga ya soke ta.

Aka kawo farantin. Madam ta ja numfashi, na san ta gane ƙamshin garinsu. Ta duba, ta yi tambaya. Surukata ta sunkuyar da kai ta ba ta amsa.

Na taɓa ɗana. "Me ta ce?"

"Ba komai, Inna."

"Kai, ni na haife ka. Me ta ce?"

"Ta ce... ita ce ta ɓata shi da safe."

Kun ji fa. Yarinyar da ke neman uwarta ta dube ta da idon rahama, ita ce ta ɗauki laifina ta aza a kanta, don kar a raina uwar mijinta. Na miƙe. Gwiwata na ciwo, amma ranar ban ji ba. Na shiga kuzin na ɗauko ɗan kwanon hunhunar nan da wuƙar, na ajiye a gaban Madam.

Na ce, "Faɗa mata, kar ka rage ko kalma ɗaya. Ɗiyarta ta yi sammako ta samo mata abin garinsu lafiyayye. Ni ce na same shi ya yi gashi. Mu kuma a garinmu, abin da ya yi gashi aski ake masa."

Ɗana ya juya maganar yana gumi. Madam ta dubi kwanon. Ta dubi wuƙar. Ta dube ni. Sai na ga kafaɗarta na rawa. Ta toshe baki, abin ya ƙi toshuwa. Ta yi dariya har jakar ta zame daga cinyarta ta faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba. Da ta lafa sai ta ɗauki dabino ɗaya ta ci, ta rufe ido, ta daɗe. Ta ce wani abu a hankali, surukata ta kama hannunta. Wannan ban nemi a fassara mini ba.

Da na tashi duba miyata, sai ga ta a bayana, ta cire rigar sanyi. Tana leƙa tukunya, tana taɓa wannan tana taɓa wancan, har hannunta ya kai kan gwangwanin daddawata. Ta buɗe, ta kai hanci. Wallahi sai da ta yi baya taku biyu ta dafa bango.

Na ƙwala wa ɗana kira. "Zo ka ce wa Madam ga wuƙa nan, in tana so ta rama!"

Ta ci miyar nan, ta ƙara. Kafin la'asar jikata na kan cinyarta tana cusa mata dabino a baki da hannu duk zuma.

Abin da na koya? Kowace ƙasa da ruɓaɓɓen abin da take so, kuma hancin da ya ciyar da Damagaram ba shi ne hancin duniya ba. Yanzu in na ga abin da ban sani ba a kuzin ɗin wani, hannuna a baya nake tambaya. Amma ba wannan ne ya fi zama mini a rai ba. Abin da ya zauna shi ne sunkuyar da kan nan da yarinyar ta yi, ta ce ita ce. Tun ranar ban ƙara ce mata surukata ba sai in ina ba baƙi labari irin haka. Ɗiyata ce.

Madam kuwa ta zama 'yar gida. Har yau ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, muna zama mu yi hira da hannu da gira. Ina ba ta daddawa, na san ba ta taɓa sa ta a tukunya ba, tana karɓa da hannu biyu. Ita kuma duk zuwa sai ta kawo cuku biyu. Ɗaya a gasa shi da fatarsa, ta tsaga da kanta kamar yadda take yi a zamanin mijinta. Ɗayan sai ta ajiye a gabana, ta ɗora wuƙa a kai, ta ce da Hausarta guda ɗaya tak da ta iya a duniya:

"Aski."